Alwalar Baba a Kanyakumari

"Ka bar ƙohwar gidanga, Harisu! Kakanka tsahi ya yi har ya mutu!"

Haka Baba ya sallami masoyina, sati ɗaya kafin in raka shi Indiya a yi masa aikin zuciya. Harisun da ke jan salla a makarantar da yake koyarwa a Madawa! Na yi kuka har na gode Allah, amma ba zan yi aure ba da albarkar Baba ba.

Da aka sallame mu daga asibiti, tsohon nan mai taurin kai ya ce sai ya ga teku. Muka yi kudu har Kanyakumari, inda ƙasa ta ƙare, 'yan Hindu masu ziyara suna ta shiga ruwa.

Azahar ta yi. Baba ya tsuguna alwala kamar a bakin tabkin garinmu, ya cika baki da ruwa... gishiri! Ya sarƙe, jiri ya kwashe shi, ga igiyar ruwa tafe.

"Wayyo Baba! Jama'a ku taimaka!"

Da Hausa nake ihu, wa zai ji? Sai wata tsohuwa mai jan ɗigo a goshi ta cafke shi, ita da mijinta suka kai shi inuwa. Ta ba shi ruwan gorarta ya ƙarasa alwala, ta shimfiɗa masa mayafinta, ta tsaya tana kare mutane har ya sallame.

Tun daga nan Baba ya shiga dogon tunani.

Ran da muka sauka tashar Madawa, na hango Harisu can nesa, ya rame, ya kasa matsowa. Baba ma ya gan shi.

"Ikram, kira min shi."

"Baba, don Allah kada ka..."

"Kira shi na ce!"

Harisu ya zo ya durƙusa.

"Sannu da hanya, Baba. Ya jiki?"

"Wadda ta cece ni gunki take bauta ma, amma ta tsare min sallata. Kai da muke sahu guda na kora don kakanka... Ka turo magabatanka ran Jumma'a."

Harisu ya dube ni, idonsa taf da hawaye.

"Hasken raina, kin ji abin da na ji?"

Na ɗaga masa kai.

Baba ya miƙa masa hannu.

"Riƙe ni mu tahi gida, ɗana. Ƙahwahuna ba su da ƙarhi."