Ƙwayar Hoda a Hanyar Haske

"Noemi, zo ki leƙa nan!" in ji Brielle, mai kula da ɗakin gwajin, tana nuna madubin ƙara girma.

Noemi, ɗaya daga cikin masu aiki a ɗakin, ta sunkuya. A kan faifan silikon, irin wanda ake sa wa cikin na'urorin lantarki, akwai hanyoyin haske goma sha biyu, ko gashin kai ya fi su kauri. Wata huɗu saurayinta Galen, ƙanen Brielle, ya yi yana sassaƙa su don digirinsa. Ga wasu ƙwayoyi masu ƙyalli kwance a kansu, an riga an gasa gilashi a sama, ba halin cire su. Haske yana shiga, ba ya fita.

Hoda ce.

Hodarta.

Kowa a ɗakin nan na birnin Rochester ya san doka: ba hoda, ba turare, ba jan baki. Amma ranar Talata Galen zai kai ta gaida mahaifiyarsa, sai ta yi kwalliya tun safe, ta rufe da takunkumi ta shigo ɗakin, ta ce ai minti biyar ne kawai...

"Ni ne," Galen ya yi saurin cewa. "Ban canza safar hannu ba."

"Yaushe ka fara shafa hoda, ƙanena?" Brielle ta taɓe baki. "Dama na gaya wa Mama yarinyar nan ba ajinka ba ce. Mai laifi wata uku ba ya shiga nan. Digirinka na bana ya tafi ke nan. Ka amsa?"

"Na amsa."

"Ƙarya yake yi!" in ji Noemi. "Ni ce... So na yi mahaifiyarku ta gan ni da kyau."

Ta cire katin shigarta ta ajiye, ta fice kanta a ƙasa.

A bakin famfo Galen ya same ta, tana ta dirzar fuskar da babu komai a kanta.

"Don Allah daina kallona. Wata huɗunka fa, Galen!"

"Faifai zan sake, masoyiyata. Ke kuwa a ina zan samo wata?"

Sai ga Brielle. Ta miƙo wa Noemi tawul.

"Shekara tara ina nan, ban taɓa ganin wanda ya ajiye katinsa da hannunsa ba. Wata ukunki yana nan daram." Ta juya, ta ɗan tsaya. "Lahadi Mama za ta gasa kaza. Ki zo da fuskarki haka."