Likkafanin da Aka Sa wa Zuhura

Ana shirin sallar magariba dutse na farko ya faɗo kan kwanon gidan Inna Hafsatu a Tasawa. Ɗanta Dalhatu ya leƙa waje yana zagin yaran unguwa, bai ga kowa ba. Da ya dawo tsakar gida, ƙanwarsa Zuhura ta bar tukunya tana ƙonewa, ta miƙe sambal a ƙasa, hannuwa a jiki kamar gawa.

"Zuhura, tashi," in ji Inna.

"Ba Zuhura nan. An kashe ta," ta amsa da wata murya mai kauri.

Dalhatu ya ji takaici ya riga tsoro isowa. Tun damina yake fama da fim ɗinsa na kisan kai, labarin matar da ake shaƙewa ta dawo da wata fuska. Shi ya fito a makashin, Zuhura a matar. Don abin ya yi kama da gaske, ya sayo farin yadi aka ɗinka likkafani, ya naɗe ta a ciki, ya shimfiɗe ta gindin tsamiyar bayan gari. Inna ta hana, ya ce ita ba ta san sinima ba.

Kullum rana ta faɗi sai jifa, sai muryar. Zuhura ta daina ci, tana ramewa a idonsu. Ƙarshe aka ɗauko Malam Sanda daga Attantane. Ya zauna kusa da kanta yana karatu a hankali, har ta buɗe ido.

"Wane ne kai? Mi kake so ga yarinyar mutane?" in ji Malam.

"Ni ban zo gidanku ba, ku kuka zo nawa. Kun kawo mini gawa da likkafaninta, kun aje bakin ƙofata, kun ce ta mutu. Na karɓa," in ji aljanin tsamiyar ta bakin Zuhura.

"Wasa ne suka yi."

"Ana wasa da likkafani?"

Malam ya juyo ya kalli Dalhatu, kallon da ya fi mari zafi. Aka yi ta ja-in-ja. Aljanin ya ce zai fita, amma sai an shafe duk hoton da yarinyar take a mace, kada ko ɗaya ya saura.

Dalhatu ya tsaya riƙe da kamara. Wahalarsa duka tana ciki. Ya dubi ƙasusuwan wuyan ƙanwarsa, ya zaro katin ajiyar hotunan ya jefa cikin garwashi. Zuhura ta yi atishawa, jifan ya tsaya.

Ta gane Inna, ta nemi ruwa. Dalhatu ya kawo da sauri, ya durƙusa gabanta. Ta ja baya ta maƙale jikin uwarta, hannunta a wuyanta.

"Inna, ki fitar da mutumin nan. Shi ya shaƙe ni."

Har yau in ya shigo gida, sai Zuhura ta tashi ta rufe ƙofar ɗakinta.