Kan Sojan Katako

Fasto Katung ya kira 'yan sanda ranar Talata da hantsi. An sace kan mutum-mutumi a cocinsa da ke Camberwell.

Aka tura Sufeto Muhsin, don shi ke jin Hausa. Mutumin Zariya ne. Ya daɗe a London, shi kaɗai yake zaune.

Cocin tsohon ɗakin ajiyar kaya ne. A kan wani tebur akwai samfurin babban cocin da jama'ar ke fatan a haƙa cikin dutse a Filato, don tunawa da waɗanda yaƙin basasa ya ci, na tarayya da na Biyafara duka. Doguwar hanya ta ratsa cikin dutsen kamar ramin jirgin ƙarƙashin ƙasa na London. Mala'iku sun jeru gefe da gefe, kai a sunkuye, kowanne ya dogara da takobi. Can ƙurya ƙubba ce, samanta gicciye wanda ya fi dutsen tsawo.

Kusa da teburin ga mutum-mutumin da za a kafa a bakin ƙofar babban cocin. Uwa ce zaune, gawar ɗanta soja a cinyarta. Baƙin katako. Sojan ba kai.

"Yaushe rabonka da ganin gunkin da kansa?" in ji Muhsin.

"Ba gunki ba ne, Sufeto. Mu ba ma bauta wa katako."

"To, katakon."

"Lahadi da yamma. Lahadi mai zuwa za a sa masa albarka a yi shipping zuwa Filato. In babu kai, an yi cancel ke nan."

Muhsin ya duba wuyan. Ba a sare ba, ba a fasa ba. An murɗe kan ne a hankali daga turken da ke riƙe da shi. Kofin azurfa yana nan kan bagade, ba a taɓa ba. Amma bagaden tsirara yake.

"Ina farin ƙyallen da ake shimfiɗawa nan?"

Fasto ya waiwaya. "Kai! Ban ma lura ba."

"Wa ke da makulli?"

"Ni, da Godwin masassaƙi, da Mama Kachollom mai shuka furanni tana kawo mana."

Godwin yana aiki a wani shago ƙarƙashin gadar jirgi a Deptford.

"Fuskar wa ka sassaƙa?" in ji Muhsin.

"Ba ta kowa ba, oga. Daga kaina na fitar."

"Fasto ya nuna mini hoton aikin. Akwai tabo a gira, kunne ɗaya a tsage. Haka kawai ka tsage wa soja kunne?"

Godwin ya ajiye gizago. "Mijin Mama Kachollom ne. Hosea. Na ga hotonsa a bangonta ran da na je gyara mata ƙofa, na ɗauka a waya."

"Ka tambaye ta?"

"So na yi in yi mata surprise."

"Ta ji daɗi?"

"Da aka yaye mayafi ran Lahadi, kowa ya tafa. Ita zama ta yi. Ko uffan ba ta ce ba."

Mama Kachollom tana zaune a gidan hayar ƙaramar hukuma, a bene na sama. Kujera ɗaya, kofi ɗaya, hoton saurayi cikin kakin soja a bango. Bayan ƙofa akwai keken cefane, tayoyinsa duk busasshen taɓo.

"Sannu, Mama. Ina kika je jiya?"

"Asibiti. Gwiwa ke damuna."

"Asibitin nan taɓo gare shi?"

"Ɗan nan, ka zo gaisuwa ne ko rashin kunya?"

Muhsin ya buɗe keken. Ƙaramar fartanya ce a ciki, da zaren farin ƙyalle maƙale a zif. Ya dubi hannuwanta. Baƙar ƙasa ta cika farcen.

Tsohuwar ba ta ɓoye hannun ba.

"Muna amarci aka tafi da shi yaƙi," ta ce. "Ba a kawo gawa ba. Ko takalmi ba a kawo ba. Na tsufa ina jiran a ce mini ga inda yake. Ran Lahadi sai ga shi kwance a cinyar wata mata, mutane suna tafi, suna ɗaukar hoto. Wai za a ajiye shi a bakin ƙofa, rana ta doke shi, ruwa ya doke shi har abada. A garinku haka ake yi wa mamaci?"

Muhsin ya dubi hoton da ke bango. Shi ma a waya ya ji mutuwar mahaifinsa. Kafin ya isa filin jirgi an rufe shi.

"Katako ne, Mama."

"Na sani. Ni ba mahaukaciya ba ce. Amma shi kaɗai aka ba ni. Na wanke shi, na naɗe shi da fari, na yi masa addu'a, na rufe shi. Ni kaɗai."

"A inda kike shuka furanni?"

"Ku je ku tona. Furanni kawai za ku ɓata mini."

Muhsin ya fita baranda ya kira Fasto, ya dawo.

"Fasto ya ce in kin nuna wurin, zai janye ƙara, magana ta mutu. In ba haka ba, dole in tafi da ke station. Doka ce."

Ta tashi da ƙyar. Ta kashe hita, ta sa rigar sanyi, ta gyara zaman hoton a bango. Ta kulle ƙofa da kanta.

Suka sauka a hankali, yana riƙe da gwiwar hannunta. Babu maƙwabcin da ya leƙo. A bakin mota ya tsaya, hannunsa kan ƙofa.

"Mama, don Allah. Ina kika binne shi?"

"Ba zan faɗa ba," ta ce. "Ba wanda zai tone mini miji."