Dabinon Marigayi Sani

Hajiya Zaituna ta shigo ofishin 'yan sanda riƙe da ganyen dabino da ya yi rawaya.

"Yallaɓai, kashe min su ake yi."

Sufeto Mikail ya saba da ƙarar sata da ta faɗa, amma ƙarar bishiya yau ya fara ji. Har zai yi dariya, sai ya ga idonta ya ciko. Dabino uku ta dasa a ƙofar gidansu a Kabara, sadaka ga mijinta Sani da ya rasu bara. In suka mutu, ji take kamar an sake binne shi.

"Wa kike zargi?"

"Ɗalha mai adaidaita sahu. Tun ranar dashe yake mitar an tare masa wurin ajiye keke. Baƙin mai yake zuba musu."

Sufeto ya je ya tsugunna a gindin dashen, ya shinshina ƙasar. Babu warin mai, sai wani farin ɓawo a sama. Ya ɗanɗana, ya tofar. Kanwa ce.

Aka kira Ɗalha.

"Wallahi ko kusa da su ban taɓa zuwa ba!"

"To zanar nan da ke kare su daga awaki, wa ya kafa? Igiyar irin ta rumfar kekenka ce."

Ɗalha ya sunkuyar da kai. "Ni ne. Sani abokina ne. Kunya nake ji a ce na sauko bayan duk mitar da na yi."

A soro, Baba Gidaɗo, mahaifin marigayin, yana zaune da carbi. Makiyayi ne a da, tsufa ya zaunar da shi a birni. Ya ce bai ga kowa ba, amma sai tura wata ƙwarya yake bayan tabarma da ƙafa. Sufeto ya janyo ta. Jar kanwa ce a ciki, irin wadda ake ba shanu.

"Baba, ina shanun da ke shan wannan?"



"Na ga ganyen ƙasa ya fara rawaya," in ji tsohon. "Mu in maraƙi ya rame, kanwa muke ba shi ya miƙe. Da na ga ba su farfaɗo ba, sai na ƙara. Sani na kasa yi masa komai, yaro. Na ce ko waɗannan in tsare."

Zaituna ta toshe baki da mayafi.

Tausayi ya kama Sufeto. Ya buɗa tsakiyar dashen, ya nuna musu sabon toho, kore shar.

"Suna da rai. Sabon dashe dama yakan zubar da tsohon ganye kafin saiwa ta kama. A kwashe ƙasar sama, a zuba sabuwa, a yi ta ba su ruwa ya wanke kanwar. Rawayan kada a yanke sai ya bushe."

Zaituna ta nemi gafarar Ɗalha. Kafin ta rufe baki ya tafi aron shebur.

Baba Gidaɗo ya miƙo hannayensa biyu. "Mu je, yallaɓai. Ni ne mai laifi."

Sufeto ya kama hannun, ya tashe shi a hankali. Maimakon hanyar ofis, sai ya ja shi zuwa gindin dabinon, ya ɗora masa buta a hannu.

"Ga hukuncinka, Baba. Safe da yamma, har su yi 'ya'ya."

Tsohon ya tsugunna yana zuba ruwan, yana kiran sunan ɗansa ƙasa-ƙasa.