Motar da Ta Kwana a Kogi

Zan faɗa tun da fari, wani ɓangaren wannan labari ya sulale mini. Sunan motar ya ɓace, shekarar ma haka. Abin da nake riƙe da shi, ba a fi shekara goma da tafiyar Nasara ba, ƙasar da ke tsallaken kogi kuma Dahome ake ce mata. Ina zaune a Gaya lokacin, ina karatu wajen wani malami da ya rasu tuntuni, Allah Ya ji ƙansa. Abin da ya saura a kaina shi zan ba ku.

Gado da Siddo taubasai ne, uwar Siddo ƙanwar uban Gado ce. Tare suka tashi, tare suka koyi tuƙi, kowannensu ya yi kamiyo, wato babbar mota, yana jigilar kaya tsakanin Gaya da Dosso. Sai dai Siddo kullum shi ne a gaba. Shi ya fara rufe ɗaki da kwano, shi 'yan duwan, masu karɓar kuɗin fito a kan iyaka, ke kira da suna su miƙa masa hannu, shi ya fara sayen rediyo mai rigar fata, maza suna taruwa a ƙofar gidansa jin labaru. A tasha Gado yakan yi dariya idan ana wasan taubasai, amma in ya koma gida tuwo ba ya wuce masa. Matarsa Bibata ba ta bukatar a gaya mata Siddo ya yi sabon abu, kwanon abincin mijinta ke gaya mata.

Ana nan sai labari ya tsallako cewa akwai wata mota a garejin Zakariya'u makanike a Malanbil, garin da ke tsallaken kogi. Ta Amirka ce, ja, mai ƙofa biyu, gabanta dogo kamar kwale-kwale, injinta mai silinda takwas. Wani Bature ne ya zo da ita daga Kutunu ya bar ta. In aka tashe ta, har wannan gaɓar ana jin gurnaninta. Aka kuma ce Siddo ya je ya duba ta sau biyu.

Wannan maganar ta ƙarshe ita ta hana Gado zama. Da safe ya hau kadarko ya tsallaka. Zakariya'u ya gaya masa lalle Siddo ya zo, ya zura hannu ƙarƙashin kujera, ya shinshina yatsunsa, ya ce sai ya yi shawara da mahaifinsa, daga nan bai dawo ba. Gado ya ce a ransa jan rai ne kawai irin na Siddo, don a rage masa kuɗi. Ya leƙa ciki, ya ji warin laka da ɗanyen kifi. Makaniken ya ce ruwan sama ne ya shiga ta taga. Gado bai ƙara tambaya ba. Kafin azahar ya ba da kamiyonsa, abin da yake ci da shi ke nan, ya karɓi makulli.

Ranar tashar Gaya ta cika. Gado ya taka mai a tsaye har kwanon rumfuna ya riƙa rawa, masu tallar kifi suka toshe kunne. Siddo ya zo daga baya, ya zagaya motar a hankali.

"Yau kam ka bi baya, ɗan masu kifi," in ji Gado.

Siddo bai rama ba, shi da bai taɓa barin wasa ya wuce shi ba. Ya sa farce a lungun ƙofa ya zaƙulo wani ɗan ƙaramin katantanwa, ya ɗora a tafin hannun Gado. Ya rage murya ya ce ya bincika: Baturen ya zame da motar cikin kogi, shi ya fita da iyo, ita ta kwana uku a ƙasa. Zakariya'u ya ɗaura mata sarƙa ya ja ta da kamiyo, bai tambayi kowa ba. Mahaifin Siddo, tsoho Yakuba, Basarke ne, masunci na gado, kuma a wajen Sarkawa duk abin da ya kwana a ƙasan kogi ya zama na mutanen ruwa. Ba a fidda shi sai an roƙa, an ba da fansa da farin rago da nono.

"Taubashi, mayar masa da ita. Ko ka bari Baba ya roƙa maka."

"Da kai ka saye ta, da ba ta kwana ko'ina ba," in ji Gado. Ya jefar da katantanwan.

Kwana bakwai ya yi yana cin tuwo har da ƙari. Yakan bi ta ƙofar gidan Siddo sau uku a yini, ba don hanya ta biyo da shi ba, sai don gurnanin ya danne muryar rediyo. Akwai abubuwan da ya gani ya kau da kai. Kujerar gefensa kullum a jiƙe take da safe. Duk inda ya ajiye motar sai ya tarar ta ɗan gangara wajen kogi, ko da ya tokare tayoyin da duwatsu. Bibata ta shiga sau ɗaya, kafin su kai kasuwa ta ce ya tsaya. Ta sauka ta ce masa wannan kujerar da mai ita, ta ƙarasa da ƙafa.

Rana ta takwas ya kai buhun gishiri Tanda wajen wani ɗan'uwansa. Mutane suka taru kallon mota, shi kuma ya ƙi tashi sai kowa ya gani. Rana ta yi ja kafin ya kamo hanya.

Ƙarshen damina ne, kogi ya cika ya shiga gonakin shinkafa. Kwaɗi suna ta kuka. Ƙamshin hayaƙin masu banda kifi yana shigowa ta taga. Gado yana ta lissafin zai isa ƙofar Siddo daidai lokacin da maza suka taru bayan sallar magariba.

Sai kwaɗin suka yi shiru, gaba ɗaya.

Hayaƙin ya ɗauke. Warin laka ya taso, mai sanyi, irin na ƙasan rijiya. Gado ya ji danshi a ƙafarsa. Ya duba, ruwa ya rufe masa takalmi, yana motsi a hankali.

Kujerar gefensa ta yi ƙara ta lotsa.

Bai juya ba. Ta wutsiyar ido yana ganin wani abu dogo, gashi har ƙasa, ruwa yana ɗiga daga shi. Wani hannu mai dogayen yatsu ya miƙo ya shafi gaban motar, a hankali, yadda shi da kansa yake shafa ta da safe.

"Tawa ce."

Muryar ƙasa-ƙasa take, kamar ana magana cikin tulu.

Gado ya nemi addu'a a bakinsa. Abin da ya fito kawai shi ne, "Saye na yi."

"Ba a tambaye ni ba. Kwana bakwai kana yawo da ita gaban mutane, suna yaba ka."

Ya san wannan muryar. Ta wanda ya ga abu a hannun wani ne, tuwo ya ƙi wuce masa.

Gab da gari akwai wata hanya da ke gangarawa tsohuwar mashiga, inda jirgi ke ɗaukar motoci kafin a gina kadarko. Ciyawa ta rufe ta. Sitiyarin ya juya da kansa ya bi ta.

Gado ya ja da hannu biyu. Ko motsi.

Ya taka birki, ƙafarsa ta nutse kamar a taɓo.

Ya ɗauke ƙafa daga kan mai, injin ya ƙara gurnani.

Ya ja marfin ƙofa. Ta ƙi.

Ruwa ya kai masa gwiwa. Fitilun motar suka haska kogi, baƙi, faffaɗa, babu gaɓa. A gefen mashigar ya hango mutum biyu. Tsoho Yakuba yana cikin ruwa har cinya, da ƙwarya a hannu, bakinsa yana motsi. Siddo yana durƙushe kan wani farin rago, da wuƙa.

Gaban motar ya daki ruwa.

Sanyi ya kai masa ƙirji, ya kai wuya. Yatsun nan suka zagaye masa wuyan hannu.

Sai abin ya tsaya, kamar mai sauraren kira daga nesa.

"An roƙa maka," in ji muryar. Ba da daɗin rai ta faɗa ba.

Yatsun suka saki. Ƙofar ta buɗe.

Siddo ne ya cafko shi ta wuyan riga ya ja shi kan yashi. Gado yana aman ruwa yana kallon jar motarsa tana tafiya ƙasa, fitilunta a kunne, injinta yana gurnani a cikin ruwan, har hasken ya zama ɗan ɗigo ya ɓace. Kwaɗi suka ci gaba da kuka.

Ya ɗago kai ya ga jinin rago a hannun taubashinsa. Ya daɗe yana kallon hannun.

"Ka samu yadda kake so," in ji Gado.

Siddo ya durƙusa kusa da shi. Ya cire rigarsa ya yafa masa.

Gado ya yi wata guda yana zazzaɓi. Da ya tashi ya kwashe iyalinsa ya koma noma a Bana. Bai sake hawa kadarko ba, bai sake cin kifi ba. Duk wanda ya zauna da shi sai ya ji yadda Siddo ya yi wa motarsa asiri don baƙin ciki, ya yanka rago aka janye ta cikin kogi. Ko a jana'iza suka haɗu ba ya miƙa masa hannu. Siddo bai taɓa kare kansa ba. Wasu suka ce kunya ce ta mai laifi. Wasu kuma suka ce tsoho Yakuba ya gaya wa ɗansa tun da safen ranar cewa abin da aka fidda ba da izini ba, rago ɗaya ba zai fanshe shi da mai tuƙa shi ba, sai dai ya zaɓi ɗaya.

Abin da ya faru cikin motar ban gani da idona ba, daga bakin Gado na ji, kuma na ce muku kaina ya fara zuba. Amma abu ɗaya na tabbatar. Bayan shekaru yawo ya kai ni Tanda, na sauka a zauren wani mai sayar da dabbobi mai suna Dodo. A kan wata kanta na ga tsohon rediyo mai rigar fata, ba ya magana. Na tambaye shi inda ya samo. Ya ce wani direba daga Gaya ne ya zo masa da sassafe yana neman farin rago marar tabo, bai tsaya ciniki ba, ya ajiye wannan ya ja ragon. Na juya bayan rediyon. An karta suna da ƙusa a jikin fatar, da ajami. Siddo.