Injin Juya Ƙwai a Gidan Badaru

Badaru mai gyaran rediyo a Safana mutum ne mai taurin kai. Ya haɗa akwatin ƙyanƙyasar ƙwan zabi, ya sa masa ɗan inji mai juyawa taki-taki, da allon lantarki da bai kai tafin hannu ba yana ba shi umarni. Injin ya motsa, ya karkata ƙwan, ya tsaya. Uwarsa Kande ta hana shi kafa akwatin a gurbin tsohon rumbu, ta ce wurin yana da masu shi, ko ruwan zafi ba a zubawa a can. Ya kafa.

Wata magariba ana alwala, injin ya soma juyawa baya. Badaru ya yi tsaki, ya sauya wayoyi. Bai gyaru ba. Sai tsakuwa ta sauka a kan kwanon rufi, wata ta bi ta, kuma babu kowa a bayan katanga. Ya fusata ya cire batir. Injin bai tsaya ba, har fitilar allon ta kawo haske. Badaru ya san irin injin nan, ba ya ba da wuta sai in hannu na murza shi. Bai gaya wa kowa ba. Ya mayar da batir, don ƙwan sun kusa fashewa.

Washegari 'yarsa Hadiyya, mai zuba wa akwatin ruwa, ta faɗi a tsakar gida. Wuyanta ya karkata kaɗan, ya tsaya, ya sake karkata. Kande ta zage Badaru tas a gaban matarsa, ta sa aka ɗauko Malam Tayyib daga Babban Duhu.

Malam ya daɗe yana karatu kafin muryar wata tsohuwa ta fito daga bakin yarinyar.

"Ƙarfen nan kuka yake mana a kunne, ku ba kwa ji. 'Ya'yana ba sa barci. Na murza shi baya don ya mutu, ya ƙi."

Ta nemi a yanka mata baƙin bunsuru. Malam ya daka mata tsawa, ya ce ba a yanka sai don Allah. Ta ce to a fitar da akwatin daga gidan, kada ya sake ganin wuta. Badaru ya ce zai cire injin kawai, a bar ɗumin har ƙwan su fashe. Wuyan Hadiyya ya ƙara karkata.

"Duka," in ji muryar.

Kande ta dube shi. "Da 'yar taka kake ciniki?"

Ya tashi ya fizge wayoyin, ya kinkimi akwatin ya dire a waje. Hadiyya ta yi atishawa, ta kira uwarta.

Badaru bai koma ciki ba. 'Yan tsakin suna kuka a cikin ɓawo, ya tsaya a kansu har suka yi shiru.