Jikar Raki Mai Burukutu

A cocinsu da ke unguwar Sparkhill a Birmingham ba a cika ambaton Celestina a tsaya nan ba, sai an ƙara wani abu. Matan zumunta sukan ce yarinyar kirki ce, sai dai idonta a tsaye yake. Samari sukan ce in ka yi mata tambaya ɗaya, uku za ta mayar maka. Mahaifiyarta, Mama Shalom, cewa take, "Ba ni ta biyo ba, ba ubanta ba. Kakarta ce sak." Duk ranar da ta faɗi haka a gaban mijinta, Dattijo Kambai, sai ya miƙe ya ce bari ya je ya duba mota.

Kakar nan ita ce Raki, mahaifiyar Kambai, wadda ta riƙe Celestina a ƙauyensu kusa da Zonkwa har ta shekara tara. Burukutu take dafawa. Amma a Birmingham, inda ɗanta ya zama dattijon coci, mutumin da ko maganin tari ba ya sha sai ya karanta jikin kwalbar, abin da kowa ya sani shi ne 'yar kasuwar hatsi ce. Har ta rasu ba a gyara zancen ba.

Wata Juma'a cikin Oktoban 2006, asibitin da Celestina take aikin nas ya tura ta kwas na ƙarin horo a Manchester. An tashi da wuri, ana yayyafi, jirgin ƙasan da za ta koma da shi kuma sai ƙarfe bakwai. Ta faɗa wani ɗan ƙaramin pub, wato gidan shan giya, don ta fake. A kan kanta akwai famfunan zuba giya takwas a jere, an rubuta sunayen giyar da alli a jikin allo, duk na ƙananan masu dafawa ne na garuruwan kusa. Mai sayarwa ya ga tana ta kallon allon, ya zuba mata ɗan kaɗan a ƙaramin kofi ya ce ta ɗanɗana tukuna.

Haka Kaka Raki take yi. Ba mai saye a gidanta sai an fara miƙa masa 'yar ƙwaryar ɗanɗano.

Ta kurɓa, ta yamutsa fuska. "Kai, wannan ai ruwan wankin tukunya ne."

Aka fashe da dariya a bayanta. "Gwada na ƙarshen can, baƙin. Shi aƙalla an sa sabulu."

Ta juya. Dogon saurayi ne cikin rigar direbobin bas, yana riƙe da rabin kofi kamar mai riƙe da jariri.

"Wa ya sa da kai?"

"Ba kowa. Wata shida ke nan ban ji an zagi abu da Hausa ba, shi ne na kasa daurewa. Sunana Jabez."

Ta gwada baƙin. Ya fi. Ba ta gaya masa ya fi ba, amma jirgin ƙarfe bakwai ya tafi ba da ita ba, sai na takwas ta hau.

Daga nan Juma'a ta zama tasu. Wannan makon ita za ta hau jirgi zuwa Manchester, mako mai zuwa shi zai sauko Birmingham. Ba sa maimaita pub. Dokarsu rabin kofi biyu kowa, da gyaɗa, sai hira. Jabez ya sayi ɗan jan littafi yana rubuta sunan kowace giya da hukuncin da ta yanke mata. Akwai mai zuma, akwai mai ƙamshin citta, akwai wata baƙa ƙirin da ta ce kamar an jiƙa gawayi a kofi.

"Malamar ɗanɗano, nawa za mu ba ta?"

"Huɗu. Ɗaya don tausayi."

"Ke dai ba a burge ki. Ni nawa kika ba ni?"

"Kai har yanzu ɗanɗano ake, Direba. Ba a saya ba tukuna."

Sai a pub na sha ɗaya ta gaya masa abin da take nema. An kawo musu wata mai duhu-duhu mai tsami, ta kurɓa ta ajiye kofin a hankali.

"Ta kusa," ta ce. "Na Kaka ja ne, mai kauri, ga tsami yana kama gefen harshe, ga hayaƙin itace. Nakan zauna a gindin murhu tana tsoma yatsa tana sa mini a baki. Ba hotonta ko ɗaya a gidanmu, Jabi. Sunanta ma ba a kira. Wannan ɗanɗanon ne kaɗai ya rage mini, shi ma yana ɓace mini."

Ya buɗe shafin farko na littafin ya rubuta "Raki" a sama, ya ja layi a ƙarƙashi. A hanyar tasha ta riƙe hannunsa, ta ce, "To, an saya."

A lokacin ana shan taba a cikin pub, don haka duk Juma'a kwat ɗinta da warin hayaƙi yake dawowa. Mama Shalom takan ɗauka ta rataye a bayan gida ya sha iska, ba ta taɓa tambaya ba.

Wanda ya tona shi ne Eli, mai kiɗan keyboard a coci, wanda Dattijo Kambai ya daɗe yana gayyata cin abincin Lahadi da wata manufa. Wata Asabar da safe Celestina ta sauko ta tarar da wayar Eli a kan tebur, mahaifinta yana tsaye a kanta. A cikin hoton ga ta nan tana dariya, kofi a hannu, kanta a kafaɗar Jabez.

"'Yar dattijon coci," in ji Kambai. "A gidan giya. Da direban bas."

Ta ɗauki wayar ta duba da kyau. "Baba, ai hoton nan daga ciki aka ɗauke shi. Ga kofi ma a gaban mai ɗaukar, rabinsa ya fito. Brother Eli, me ka sha? Mu ba mu gwada wannan ba."

Eli ya fara tari. Mama Shalom ta shige kicin da sauri.

"Kada ki kawo mini iya magana! Mutumin da ya tsinci 'yata a gidan giya ba zai zauna a falona ba."

"A gidan giya na yi rarrafe, Baba. A can na koyi tafiya. Ban taɓa buguwa ba, ba kuma zan yi ba. Amma ba zan yi kamar ban san inda na fito ba."

Fuskarsa ta canza. "Kada ki ƙara ambata mini wannan maganar a gidan nan."

Ba ta ƙara ba, amma Juma'ar da ta biyo baya ta sa kwat ɗinta ta fita ta ƙofar gaba.

Jabez ne ya karaya. Bai shawarce ta ba ya je ya sami Dattijo a coci, ya durƙusa ya gaishe shi. Da yamma saƙonsa ya shigo:

"Tina, na ga Baba. Ya yarda Kawu Rabe ya zo tambayar aurenki ranar 14 ga Afrilu. Ya ba ni katin alkawarin barin giya, ni da ke mu sa hannu in kawo ranar. Na ce to. Pub ai ba zai fi aurenmu ba. I love u."

Ta karanta sau uku a ɗakin canza kaya na asibiti, sannan ta amsa:

"Ka ce to da bakin wa? Ba giya ce matsalar Baba ba, uwarsa ce. In na sa hannu na yarda ita abin kunya ce. Ka auri katin."

Mako uku ba ta ɗaga wayarsa ba. Juma'a takan zo ta wuce tana kwance tana kallon silin. Ta rame, har Mama Shalom ta lura.

A Juma'a ta huɗu ta fito daga aiki ta gan shi a bakin get, ruwa ya jiƙe shi, da ɗan buhu a kafaɗa.

"Mene ne wannan?"

"Jar dawa. Shago biyar na shiga kafin in samu." Ya sauke buhun a gabanta, ya zaro katin daga aljihu, fari fes ba sa hannu. "Pub ashirin muka shiga muna neman tsohuwar nan, ba ta can. Tunda Turawa ba su iya ba, mu dafa da kanmu."

Ta dube shi, ta dubi buhun. "Ka jiƙa mini dawa da ruwan sama, wawa kawai."

"Ai dama jiƙawa za a fara yi."

A flat ɗinsa na Old Trafford suka yi aikin. Suka jiƙa dawar a baho, suka shimfiɗa ta a kan tawul kusa da boiler mai ɗumama ɗaki har ta yi tsiro, suka busar a oven, suka niƙa da blender har injin ya ƙone. Celestina tana lalubo matakan daga tunanin yarinya 'yar shekara tara. Abin da ya fito ja ne, yana kumfa, ƙamshinsa ya sa ta hawaye. Amma da ta kurɓa ta girgiza kai.

"Akwai abin da na manta. Salam yake."

"To mu fasa kai shi?"

"A haka zai je."

Ranar tambaya falon Sparkhill ya cika. Kawu Rabe, ƙanen mahaifin Jabez, ya jera kiret-kiret na lemo da buhun gishiri. Aka yi addu'a. Dattijo Kambai ya miƙa hannu, Jabez ya durƙusa ya ba shi katin.

"Ban ga sa hannu ba."

"Baba, na yi maka alkawarin da ba nawa ba ne ni kaɗai. Gara in dawo maka da shi fari da in fara zama ɗanka da ƙarya."

Kafin Kambai ya buɗe baki Celestina ta shigo da farar jarka da ƙwarya. Ta durƙusa a tsakiyar falo ta tsiyaya. Ƙamshin ya cika ɗakin, wata daga cikin matan zumunta ta ce, "Yesu!"

"A garinmu ba a tambayar mace sai an ajiye wannan," in ji Celestina. Ba ta sunkuyar da kai ba. "Ba na ce kowa ya sha ba. Na Kaka Raki ne. Ita ta raine ni, ba za a ba da ni ba ta nan ba."

Kambai ya miƙe tsaye. Ta ga jijiyar wuyansa ta tashi, ta shirya wa tsawa. Sai idonsa ya sauka cikin ƙwaryar. Ya daɗe yana kallo. Ya sunkuya ya ɗauka da hannu biyu, ya ɗan juya ta yadda kumfar za ta zagaya, ya kai hanci.

"Sau nawa kika tafasa?"

"Sau ɗaya, Baba."

"Shi ya sa ƙamshin bai kai ba." Maganar ta fito kamar ba da saninsa ba. "Sai an sauke ya kwana ya yi tsami, da sassafe a sake ɗorawa. Tafasa ta biyu ita ce burukutu. Kuma ba a barin muciya ta huta, in ba haka ba ya kama a gindi."

Ya ɗaga kai ya ga duk ana kallonsa. Ya ajiye ƙwaryar a hankali, ko ɗigo bai zube ba.

"Ku sa rana," ya ce da Kawu Rabe. "Bari in duba mota."

Ta taga Celestina ta hango shi zaune a cikin motar, bai kunna ba, goshinsa a kan sitiyari.

An ɗaura auren a watan Yuli. Eli ne ya yi kiɗa, bai kuma ɗaga kai daga keyboard ba har aka tashi. A wurin liyafa aka yi ta sa albarka, Mama Shalom ta yi rawa har ɗankwalinta ya faɗi. Jabez ya raɗa wa amarya, "Malama, nawa kika ba yau?" Ta ce, "Tara. Kada kanka ya kumbura."

Da aka miƙa wa uban amarya makirufo, ya yi musu addu'ar zaman lafiya da zuriya mai albarka, aka ce amin. Mai gabatarwa ya miƙa hannu zai karɓa, Kambai bai saki ba.

"Ban sha giya ba shekara talatin da ɗaya, ba kuma zan sha ba," ya ce. "Amma akwai abin da na gaya muku wanda ba haka yake ba. Uwata ba 'yar kasuwar hatsi ba ce. Sunanta Raki, burukutu take dafawa, ba kuma wanda ya fi ta iyawa a ƙasarmu. Ni nake tuƙa mata tukunya tun ina ɗan shekara bakwai. Daga gindin murhun nan ta tura ni makaranta, na yi karatu, na dawo ina jin kunyarta."

Ya juyo wajen babban tebur. Celestina ta miƙe tsaye, hannunta cikin na Jabez.

"Iya ba ta nan balle in durƙusa mata. Ke ce kika riƙe mini ita duk shekarun nan, ni kuma ina yi miki tsawa. Celestina, uwata, na yi kuskure. Ki yafe mini."